Ko Kun Sani?

Ba duk mai cutar sefsis ne jikinsa ke zafi ba, wani ma sanyi yake yi ƙalau. Cutar kan taso ne idan garkuwar jiki, garin yaƙi da ƙwayoyin cuta, ta koma tana illata ƙoda, huhu da zuciya. Shi ya sa likitocin ɗakin kulawa ta musamman ba sa jiran zazzaɓi. Haki, ruɗewa da raguwar fitsari sun isa a tashi tsaye. Idan jini ya sauka kuwa, sai a ɗebi samfurinsa don gwaji, a ɗaura ruwa, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya kafin awa guda ta cika. A 2017, mutum miliyan 11 cutar ta kashe a duniya.