Nicholas Cummings: Masanin da Ya Shigar da Damuwar Zuci Cikin Lissafin Asibiti

A ƙarshen shekarun 1950, likitocin asibitocin Kaiser Permanente da ke jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka sun fuskanci wani al'amari mai ɗaure kai. Jama'a na ta zuwa da koke-koken ciwon kai, ciwon ciki, faɗuwar gaba da rashin barci. Sai a auna jini, a ɗauki hoto, a rasa cutar da za a kama. Bayan 'yan makonni kuma su sake dawowa. Da yake tsarin asibitin shi ne mutum ya biya kuɗi tun kafin ya kwanta ciwo, kowace ziyara asara ce ga hukumar asibitin. A wannan yanayi ne Nicholas Cummings, wanda aka haifa a 1924, ya zama babban masanin halayyar ɗan Adam na asibitin.

Ya kamata ɗalibi ya bambance tsakanin sana'o'i biyu. Likitan taɓin hankali ya yi karatun likitanci, yana kuma rubuta magani. Shi kuwa masanin halayyar ɗan Adam, tunani da ɗabi'a ya karanta, kuma kayan aikinsa su ne sauraro, tattaunawa da gwaje-gwajen hankali. A wancan zamani kamfanonin inshorar lafiya ba sa biyan kuɗin irin wannan jiyya, domin a ganinsu hira ce da ba ta da ranar ƙarewa.

Cummings da abokin aikinsa, likita William Follette, suka duba fayilolin marasa lafiya na shekaru da dama. Sun bayar da rahoton cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na ziyarar likita daga mutanen da ba su da cutar jiki take, ko kuwa waɗanda damuwa ke tsananta musu ciwon da suke da shi. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Idan tsoro ko baƙin ciki ya daɗe, jiki kan saki sinadaran da ke ƙara bugun zuciya, su ɗaure jijiyoyi, su dagula narkewar abinci. Ciwon na gaske ne, tushensa ne kawai ba a inda ake nema yake ba. Wani likita mai suna Raymond Prince ya bayyana makamancin wannan a 1960 tsakanin ɗaliban Nijeriya, waɗanda ke kukan zafin kai da kasa fahimtar karatu idan nauyin makaranta ya yi musu yawa.

Sakamakon binciken, wanda aka fara bugawa a 1967, ya nuna cewa waɗanda suka yi ɗan gajeren zama da masani, daga sau 2 zuwa sau 8, sun rage zuwa asibiti da kusan kashi 75 cikin 100 a tsawon shekaru 5. Wato kuɗin da aka kashe wajen sauraron mutum ya dawo ta wata ƙofar.

Sai dai bincike shi kaɗai ba ya sauya doka. Cummings ya gane cewa sai an shiga ƙungiya. Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, wadda aka kafa a 1892, tana hannun malaman jami'a ne, waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga ɗakin gwaji. Shi da wasu takwarorinsa masu duba marasa lafiya suka ɗaura ɗamarar neman kujerun shugabanci. A 1969 ya kafa makarantar horar da masu wannan sana'a a Kalifoniya, wadda a lokacin ba ta ƙarƙashin kowace jami'a, sannan a 1979 ya zama shugaban ƙungiyar baki ɗaya. Gwagwarmayar da suka yi a majalisun jihohi da na tarayya ta yi tasiri: a 1989 majalisar dokokin Amurka ta amince shirin lafiyar tsofaffi na Medicare ya riƙa biyan waɗannan masana kai tsaye.

Nasarar ba ta zo a kyauta ba. A 1988 wasu masu bincike da suka ga ƙungiyar ta koma hannun masu sana'a suka ɓalle suka kafa tasu. Haka kuma kamfanin American Biodyne da Cummings ya kafa a 1985 don gudanar da jiyya mai rahusa ya sha suka. Masu sukar sun ce idan riba ta shiga, akan taƙaita zama har ga wanda ke bukatar doguwar kulawa. Wannan muhawara ba ta mutu ba har yau.

A ƙarshen rayuwarsa ya mai da hankali ga ra'ayi ɗaya: a zaunar da masanin halayya a ƙaramin asibiti, ɗaki kusa da na likita, domin mai damuwa can yake fara zuwa, kuma sau da yawa kunya kan hana shi neman asibitin ƙwaƙwalwa. Cummings ya rasu a 2020 yana da shekara 95. Ga ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni, darasin a fili yake: alƙaluman bincike su ne hujja, amma sai an kai su gaban masu yanke hukunci kafin su amfani marar lafiya.