Yahudawan Tuwat da Cinikin Ma'adinai a Sahara: Matsalar Amana

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu dubi zaman iyalan Yahudawa ƴan kasuwa a kan hanyar da ta haɗa ma'adinan Sahara da na Sudan da kasuwannin arewacin Afirka. Ra'ayinmu shi ne, zamansu ya rataya a kan amanar da wani babban gari ya ba su. Duk lokacin da amanar ta warware, zaman ya ƙare.

2. Tamantit da hanyar ma'adinai

Ma'adinai uku ne suka raya wannan hanya: gishirin Tagaza, jan ƙarfen Tagidda a yammacin Abzin, da zinariyar Bambuk da Bure. Ibn Baɗuɗa ya ga Tagaza a 1352, ya ga Tagidda a 1353. Fataken arewa ba su isa ramukan zinariya ba, sai dai su jira ta a garuruwan zango. Tuwat, wadda ke kudancin Aljeriya ta yau, ɗaya ce daga cikin waɗannan zanguna, kuma a garin Tamantit Yahudawa suka kafa unguwa da wurin ibada, suna dillanci da ƙirar zinariya.

Labarin hanyar ya kai Turai ta hannun ƴan uwansu. Taswirar Katalan ta 1375, wadda ake danganta wa Abraham Cresques, Bayahuden Mayorka, ta nuna Tagaza da Mansa Musa riƙe da zinariya. A 1447 wani ɗan kasuwar Jenowa, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga Tuwat, inda ya nuna Yahudawa suna da yawa, suna zaune lafiya a ƙarƙashin kariyar manyan gari. Wannan tsari ya yi kama da na maigida da baƙonsa a zangon Hausawa.

3. Warwarewar amana

Wajen 1492 Shehu Muhammadu al-Magili, mutumin Tilimsan, ya yi fatawa cewa Yahudawan Tuwat sun karya sharuɗɗan amana, domin ba su biyan jizya yadda shari'a ta tsara, kuma sun shige wa masu mulki. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, aka nemi ra'ayin malaman Fas da Tilimsan da Tunis, su ma suka rarrabu. Duk da haka mabiyan al-Magili suka rushe wurin ibadar, aka kashe wasu, sauran suka watse.

A nan ne labarin ya shafi ƙasar Hausa. Al-Magili ya biyo ta Abzin da Tagidda, ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya je Katsina, sannan Gawo wajen Askiya Muhammadu. Daga baya Leo Africanus ya ruwaito cewa sarkin Songai ya hana Yahudawa zama Tumbutu, har yana ƙwace dukiyar mai ciniki da su. Tun da yake sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce da suka ƙaura bayan faɗuwar birnin a 1807, tarihin al-Magili a Katsina yana cikin gadon yankinmu.

4. Dawowa a ƙarni na 19 da na 20

Wajen 1860 malamin Yahudawa Mardoshe Abi Serur, mutumin Akka ta Maroko, ya sami izinin zama Tumbutu da biyan haraji, ya kawo danginsa suka buɗe ciniki. Zaman bai daɗe ba, aka washe dukiyarsa, ya koma arewa, ya rasu a Alje a 1886. A Kano kuwa, bayan isowar jirgin ƙasa, Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa a shekarun 1930, wannan karo a ƙarƙashin inuwar mulkin Ingilishi.

5. Kammalawa

Daga Tamantit zuwa Kano, mai ba da amana ne ya canza: manyan gari, sarki, sannan gwamnatin mallaka. Saboda haka muna ba ɗalibai masu bincike kan baƙin ƴan kasuwa a Maraɗi, Agye, Gazawa ko Gidan Rumji shawara su fara da tambaya ɗaya: wane ne maigidan baƙon, kuma me ya same shi sa'ad da maigidan ya rasa ƙarfi?