In Kiɗa Ya Sauya: Ƙaurar Makaɗan Zamani Daga Manhaja Zuwa Manhaja

Hausawa sukan ce sabo turken wawa. To, amma duk wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin ɗakunan haɗa kiɗa da ke kan titin Gidan Zu a birnin Kano, ya ga yadda makaɗi yake sarrafa kwamfuta ba tare da ya dubi yatsunsa ba, zai yarda cewa a wani wurin sabo jari ne. Mutumin da ya shekara goma yana aiki da manhaja guda, watau tsarin da ake ɗura wa kwamfuta domin ta ɗauki murya ta kuma tsara kiɗa, ya san lungunta da saƙonta kamar yadda ya san gidan da aka haife shi. Ran da ya zama tilas ya bar ta ya koma wata, mene ne zai iya ɗauka, mene ne kuma zai bari a baya?

Wannan ba ita ce ƙaura ta farko ba ga kiɗan Hausa. A zamanin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu cikin shekarar 1999, mawaƙi da makaɗan kalangunsa da 'yan amshi sukan tsaya gaban na'ura gaba ɗaya, a ɗauki waƙa a zama guda. Bayan da finafinan bidiyo na Hausa suka kunno kai da Turmin Danya a 1990, sai fiyanon lantarki, musamman ƙirar Yamaha, ya maye gurbin tawagar makaɗa, har ya zamana mutum ɗaya yana fitar da amon ganga da sarewa da goge daga akwati guda. Waƙoƙin fim ɗin Sangaya na 1999 suna daga cikin waɗanda suka kafa wannan salo. Daga baya kuma kwamfuta ta shigo, sunaye irin su Cubase da Cakewalk da FruityLoops suka zama ruwan dare a bakin makaɗa. Ƙaura ta uku, wadda ba a cika maganarta ba, ita ce ta tsakanin waɗannan manhajoji su kansu.

Sau da yawa ba makaɗi ne yake zaɓen tashi ba, mai gida ne yake tashinsa. Cikin shekarar 2002 kamfanin Apple na Amurka ya sayi kamfanin Emagic na Jamus, mai manhajar Logic, kana ya daina yin ta domin kwamfutoci masu aiki da Windows, saboda haka masu amfani da ita suka zaɓa tsakanin sayen wata kwamfuta da koyon wata manhaja. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin Gibson ya ba da sanarwar dakatar da aikin Cakewalk, sai a shekarar da ta biyo baya kamfanin BandLab na Singafo ya saye ta, ya sake fito da ita kyauta. Haka kuma a watan Agusta na 2024 aka daina sayar da Finale, manhajar rubuta kiɗa a takarda wadda take kasuwa tun 1988. Wani lokaci kuwa kwamfutar ce take sauyawa, tsohuwar manhaja ta ƙi zama a kanta. Akwai kuma dalilin abokan aiki: mai yiwuwa mawaƙi yana zaune a unguwar Bin Mahmud ta birnin Doha, makaɗinsa yana Kano, mai tace sauti kuma yana Legas, kowa yana bukatar ya iya buɗe abin da ɗan'uwansa ya aiko.

Abu na farko da mai ƙaura yake rasawa shi ne saurin hannu, domin kowace manhaja da irin tunanin da aka gina ta a kai. Cubase, wadda kamfanin Steinberg na Hambug ya fitar a 1989, tana shimfiɗa waƙa ne daga hagu zuwa dama kamar zaren kaset, daga farko har ƙarshe. FruityLoops, wadda aka ƙago a Beljiyam aka kuma sake mata suna FL Studio a 2003, ta fara ne daga ɗan guntun kiɗa mai maimaituwa, a yi ta jera guntaye kamar mai ginin tubali. Ableton Live ta birnin Balin, wadda ta fito a 2001, an tsara ta ne domin a riƙa kunna guntayen kiɗa nan take a gaban jama'a. Wanda ya tashi daga ɗaya zuwa ɗaya yakan tarar aikin da yake gamawa kafin shayi ya huce ya koma yana cinye masa wuni, ga mawaƙi yana jira, ga janareta yana shan mai. Wannan asara tana da ciwo, amma ta ɗan lokaci ce, gama hannu yakan sake sabawa.

Asara ta biyu ita ce babba, kuma ba ta warkewa da kanta. Kowace manhaja tana adana aikinta a cikin kundi na musamman wanda galibi ita kaɗai ce take iya buɗe shi. A cikin wannan kundi ne murya take daban, amshi daban, ganga daban, tare da dukkan gyare-gyaren da aka yi wa kowannensu. Waƙar da ta fita kasuwa kuwa kamar miya ce da aka riga aka sauke: ana iya sha, amma ba a iya tsame gishiri ko a rage daddawa. Idan bayan shekaru aka bukaci a sake tace waƙa, ko a cire murya a bar kiɗa domin fim ko biki, to, sai an koma ga kundin asali. In manhajar da ta rubuta shi ta mutu, kundin ya zama akwati mai kwaɗo wanda makullinsa ya ɓata.

Har ila yau akwai ƙananan manhajoji da ake maƙala wa babbar, masu ba da amon kayan kiɗa ko masu gyara murya. Steinberg ne ya buɗe musu ƙofa a 1996 da tsarin da ake kira VST, ita kuma Auto-Tune, wadda amonta ya cika waƙoƙin nanaye, ta fito a 1997. Su ma suna tsufa. Cubase ta 9, wadda ta fito a 2016, ta daina karɓar ƙananan manhajoji masu tsohon gini, haka nan kwamfutocin Apple suka yi da tsofaffin manhajoji a 2019. Wannan ya fi shafar makaɗin Hausa saboda wani dalili. Jerin muryoyin kayan kiɗa 128 da masu ƙera fiyano suka amince da shi a 1991 ya ƙunshi sitar na Indiya da koto na Japan, alhali babu kalangu, babu goge, babu algaita. Don haka makaɗa suka riƙa lalubo muryar da ta fi kusa, su lanƙwasa ta har ta yi kama da ta gida. Irin wannan amo, da mutum ya yi shekaru yana sassaƙawa, yana zaune ne a cikin fiyano ɗaya ko ƙaramar manhaja ɗaya, ba ya kuwa bin mai shi zuwa sabon gida sai an yi masa tanadi.

To, mene ne yake iya ƙetarewa? Abubuwa biyu ne kusan kowace manhaja take ganewa. Na farko shi ne MIDI, yaren da masu ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka daidaita a kansa a 1983. Ba sauti yake ɗauke da shi ba, umarni ne kawai: wane maɓalli aka taɓa, yaushe, da wane ƙarfi, ya kuma daɗe nawa. Na biyu shi ne sautin kansa, a fayil irin na WAV, wanda ba a matse shi an zubar da wani abu daga cikinsa kamar na MP3 ba. Minti guda na irin wannan sauti, a ingancin faifan CD, yana cin kimanin megabayit 10, saboda haka waƙar minti biyar mai layi ashirin takan kai wajen gigabayit guda. A 2023 kamfanonin Bitwig da PreSonus sun fito da wani kundi na tarayya mai suna DAWproject domin sauƙaƙa wannan ƙaura, amma ba dukkan manhajoji ne suke karɓarsa ba.

Daga nan hanyar da ta fi dacewa ta fito fili. Kafin makaɗi ya rabu da tsohuwar manhaja, ya kamata ya buɗe muhimman ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da kowane layi daban, dukkansu su fara daga wuri guda domin su hau kan juna daidai, sa'an nan ya ajiye MIDI ɗinsu, ya rubuta saurin kiɗan da sunayen muryoyin da ya yi amfani da su. Ya ajiye kwafi biyu a wurare biyu, gama rumbun kwamfuta yakan mutu ba sallama. Kada ya goge tsohuwar manhaja, kada kuma ya fara koyon sabuwa da aikin da aka biya shi kuɗi aka sa masa rana. Gara ya sake gina wata tsohuwar waƙarsa da ya sani sarai, domin kunnensa ya gaya masa inda ya kauce.

Al'amarin ya wuce na makaɗi ɗaya. Waƙoƙin Shata da na Ɗan Maraya Jos sun iso ga wannan zamani ne domin faifai da kaset kowace na'ura tana iya juya su, ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Asalin ayyukan makaɗan Kano na shekarun kwamfuta kuwa yana kwance a cikin kundaye waɗanda makullinsu yake hannun kamfanonin ƙasashen nesa. Kunne da basira na makaɗi ne, duk inda ya je da su zai tafi. Manhaja kuwa kayan aro ce, an kuwa ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya kwashe aikinsa tun mai kaya bai zo karɓa ba, shi ne jikokinsa za su tarar da abin da ya bari.