Ƙurar Haƙar Zinariya: Haɗarin da Ke Bin Ma'aikaci Har Gida

Idan ana maganar haɗarin haƙar ma'adinai, abin da ke fara zuwa ranmu shi ne rami ya rufta da mutane. To akwai wani haɗarin da ke ɓarna a ɓoye, shi ne ƙura.

A shekarar 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare, ƙananan yara suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa. Da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sa aka gwada jininsu, sai aka gano gubar dalma ce. An ƙiyasta cewa yara kusan 400 suka rasu, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2015 irin haka ta sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Yaya aka yi gubar ta kai ga yaran da ba su taɓa shiga rami ba? Duwatsun zinariyar yankin suna ɗauke da dalma mai yawa. Masu haƙa kan kawo su cikin gida, a farfasa da guduma, a daka a turmi, ko a niƙa a bushe da injin niƙa irin na hatsi. Ƙurar sai ta sauka a tsakar gida, da kan tabarmi, da kwanukan abinci. Yaro mai rarrafe kuwa, komai ya taɓa sai ya kai baki. Jikinsa ya fi na babba saurin tsotse dalma, ita kuma tana illa ga ƙwaƙwalwa. Ko ya rayu, karatu na iya yi masa wuya nan gaba.

Shi ma ma'aikacin bai tsira ba. Shaƙar ƙurar dutse shekara da shekaru tana lalata huhu, lalacewar da ba ta warkewa, kuma tana sauƙaƙa kamuwa da tarin fuka.

A Zamfara, sai da aka kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje aka zuba mai tsabta, domin magani ba zai yi amfani ba idan yaro zai koma cikin gubar. Garin Bagega bai samu wannan aikin ba sai a 2013. Ga matakan kariya da ake koya wa masu haƙa:

1. A niƙa dutse da ruwa, don kada ƙura ta tashi.
2. A ware wurin aiki a bayan gari, nesa da rijiyoyi.
3. A sa takunkumin da aka yi don ƙura. Rufe hanci da ƙyalle bai wadatar ba.
4. A wanke hannu kafin cin abinci, a yi wanka a canza tufafi kafin komawa gida.
5. Yara da mata masu juna biyu su nisanci wurin.

Da yawa cikinmu muna da yayye ko iyayen da ke wannan sana'a, kuma neman halak ba laifi ba ne. Idan muka je hutu, mu isar musu da wannan bayani cikin ladabi. In kuma muka ga ƙaninmu yana amai da kasala ko jijjiga a gidan da ake dakan dutse, a garzaya da shi asibiti, a kuma gaya wa likita irin aikin da ake yi a gidan. Allah ya kare mu baki ɗaya.