Ciyar da Ɗan Kwikwiyo

A ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram mutane da yawa suna ajiye kare. Maharbi yana da nasa na farauta. Bafillace yana da nasa a ruga, yana kwana kusa da garke. Kiwo kuwa tsohon abu ne a wannan ƙasa. Wanda ya je Dutsen Mesa ko Dutsen Habude a Birnin Kudu zai ga siffar shanu da mutanen farko suka zana a jikin dutse. Manomin da gonarsa ke gindin dutse shi ma yana bukatar kare, don birai su kan sauko su yi ɓarnar masara da gyaɗa. Malamai sun ce an yarda a ajiye kare saboda abubuwan nan uku, watau farauta, da kiwo, da tsaron gona. Sun kuma ce wanda ya tsare dabba, ciyar da ita yana wuyansa.

Amma dubi yadda a ke yi. Mutum ya karɓo kwikwiyo tun idonsa bai daɗe da buɗewa ba. Ya ɗaure shi bayan rumbu. Ya dama masa dusa da ruwa sau ɗaya a rana. Bayan mako uku kwikwiyo ya mutu. In ma ya rayu, sai ka ga cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa sun karkace, ba ya iya bin zomo, balle ya kori biri. Sai mai shi ya ce ba irin kirki ba ne. Sau da yawa ba laifin iri ba ne, yunwa ce. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Kada a raba shi da uwarsa da wuri

A kan haifi kwikwiyo idonsa a rufe, kunnensa a toshe. Idon ya kan buɗe bayan kwana 10 zuwa 14. A wannan lokaci ba shi da abinci sai nonon uwarsa. Nonon rana ta farko, watau dakashi, shi ya fi kome amfani, don a cikinsa akwai abin da ke tsare jariri daga cututtuka. Cikin kwikwiyo ba ya iya karɓar wannan tsari sai a ranar farko kaɗai. In ya sami nono sosai, nauyinsa ya kan ninka cikin kwana 10.

Saboda haka ciyar da kwikwiyo daga uwarsa a ke farawa. Karya mai shayarwa tana cin biyun abin da ta saba ci, wani lokaci har uku. A ƙara mata abinci, a ajiye mata ruwa kusa.

Haƙora su kan fara fitowa a mako na 3. Daga nan zuwa mako na 4 sai a soma ba su kunu mai kauri, marar tsami, a fasa dafaffen ƙwai ko dakakken kifi a ciki. A zuba a faifan kwano, su lasa da kansu. Kullum a rage ruwan kunun kaɗan. Suna ci, suna kuma shan nono. Kada ka ɗauke kwikwiyo daga gindin uwarsa sai ya cika mako 8, watau wata biyu. In mai karya ya matsa maka ka ɗauka kafin nan, gara ka kai masa tiyar hatsi ya riƙe maka shi.

In uwar ta mutu fa? To, aiki ya same ka. Nonon karya ya fi na saniya da na akuya kauri da maiƙo nesa ba kusa ba. Sai ka tafasa madarar akuya cikin gwangwani ɗaya, ka bari ta huce, ka kaɗa gwaiduwar ƙwai ɗaya a ciki. Ka ba shi da ɗumi, kaɗan kaɗan, bayan kowace awa 2 ko 3, har da dare. Ka kwantar da shi rubda ciki sa'ad da ya ke sha. In ka kwantar da shi rigingine, madara za ta sarƙe shi ta shiga huhu. Bayan ya sha, ka goga masa gindi da tsumma mai ɗumi don ya yi fitsari da kashi, gama uwarsa da harshe ta ke yi masa haka. Lokacin hunturu a shimfiɗa masa buhu a inda iska ba ta kaiwa.

Me za a ba shi?

Tuwo kaɗai ba ya gina kare. Tuwon dawa, da na gero, da na masara, da shinkafa, duk suna ba da ƙarfi. Amma tsoka da jini da ƙashi suna bukatar nama, ko kifi, ko ƙwai. Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Raba abincinsa kashi uku. Kashi biyu tuwo ne ko ƙanzon da aka jiƙa ya yi laushi. Kashi ɗaya kuwa dafaffen nama ne, ko kifi, ko ƙwai.

Wani zai ce, ni da iyalina ba mu cin nama kullum, ina na ga na kare? Gaskiya ne. Amma ba tsoka mai tsada a ke nufi ba. A wurin mahauta akwai huhu, da tumbi, da guntattakin da ba su da kuɗi sosai. A kasuwa akwai ƙananan busassun kifi da garin da ke taruwa a ƙasan kwando. Ga ƙwan zabi da damina. Ga nono a ruga. Wake ma yana taimako in an dafa shi ya yi luguf, sai dai ba ya maye gurbin kifi gaba ɗaya. Hanta tana da amfani ƙwarai, amma ɗan yanki sau biyu a mako ya isa, yawanta yana cutarwa. A ƙara ɗan dafaffen kabewa, da ɗigon man gyaɗa ko manja.

Akwai abu guda da ko masu hali ke kuskurewa. Su kan ba kwikwiyo zallar nama, suna tsammani sun gama masa gata. Nama ba shi da sinadarin da ke gina ƙashi. Kwikwiyon da aka raina da tuwo da nama kaɗai, ƙashinsa ya kan yi taushi, ya lanƙwashe, har ya karye a banza. Maganin abin yana cikin turmi. A daka ƙananan kifi duk da ƙayarsu su zama gari, a barbaɗa a abinci. Wannan shi ya fi. Ranar da babu kifi, a wanke ɓawon ƙwai, a tafasa, a shanya, a daka shi lilis. Rabin cokalin shayi ya isa gwangwani biyu na abinci. Kada a wuce haka, don yawansa ma yana ɓata ƙashi.

Madarar shanu ɗanya ta kan sa kwikwiyo zawo in ta yi yawa. Nono mai tsami da kindirmo sun fi zama a cikinsa. Cokali biyu ko uku a kan tuwo sun isa.

A manyan birane kamar Kano ana sayar da abincin kare na buhu. In ka saya, ka duba wanda aka rubuta na 'yan kwikwiyo ne, ka bi awon da ke jikin buhun. Ga amfanin karatu nan. Amma karen ƙauye yana girma lafiya lau da abin da ke cikin gida.

Nawa za a ba shi?

Cikin kwikwiyo ƙarami ne, amma bukatarsa babba ce, don yana girma da sauri. In aka cika masa kwano sau ɗaya, zai haɗiye duka, ya yi amai, sa'an nan ya wuni da yunwa. Sai a raba masa.

Nemi ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, irin na masu shayi, ya zama mudunka. Ka kuma roƙi mai sikeli ya auna maka kwikwiyon a cikin buhu ko kwando.

Ɗan wata 2, mai nauyin kilo 2: rabin gwangwani, sau 4 a rana.
Ɗan wata 3 zuwa 4, mai nauyin kilo 5: gwangwani ɗaya da ɗan ƙari, sau 3 a rana.
Ɗan wata 6 zuwa 7, mai nauyin kilo 10: gwangwani biyu, sau 2 a rana.

Mu yi lissafi. Rabi sau 4 ya zama gwangwani 2 a rana. Gwangwani 2 sau kwana 7 ya zama 14 a mako. Daga cikin 14 ɗin nan, wajen 5 ne na kifi ko nama ko ƙwai. Kun ga abin bai kai yadda a ke tsoro ba.

Sau huɗun nan ba wuya a tuna. Da sassafe kafin a tafi gona, da hantsi, da la'asar, da bayan magariba. A riƙe lokaci ɗaya kullum. A ajiye masa kwano kamar minti 15. Abin da ya rage a ɗauke, kada ya yi tsami a rana ƙudaje su bi.

Wannan awo mafari ne kawai, don karnuka ba ɗaya su ke ba. Hannunka shi zai gaya maka sauran. Kowane mako ka shafa gefen ƙirjinsa. In kana ganin haƙarƙarinsa da ƙashin kwankwasonsa daga nesa, abinci ya yi kaɗan, sai ka ƙara. In ka shafa ba ka ji haƙarƙari ba sai ka danna, ya yi yawa, sai ka rage. Daidai shi ne ka ji su a ƙarƙashin yatsunka, amma ba su fito fili ba. Ƙiba ba lafiya ba ce ga kwikwiyo, nauyi ne a kan ƙashin da bai yi ƙwari ba. In za ka sake masa abinci, ka yi a hankali cikin kwana 5 ko 7, kana gauraya sabo da tsoho.

Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa dare da rana, balle da bazara. A ware masa kwanonsa biyu, na ci da na sha. Kada su haɗu da kwanukan gida.

Abin da ba a ba shi

Albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kare, ɗanye ko dafaffe. Don haka kada a juye masa ragowar miya. A ɗebi nasa tuwon kafin a zuba miya. Goro, da shayi, da cakulan guba ne gare shi, yara su sani. Barkono da gishiri mai yawa ba nasa ba ne, saboda haka ƙuliƙuli mai yaji da kilishi ba su dace ba. Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo ya kan tsage kamar allura ya huda hanji. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna tana kashe hanta. Abin da ka ƙi ba 'ya'yanka don ya ruɓe, kada ka ba kwikwiyo.

Kayan ciki kuwa dole a dafa su sosai. Wani lokaci mahauci ya kan ga ƙullutu mai ruwa a huhu ko a hanta, ya yanke ya jefa wa karnuka. A cikin ƙullutun nan akwai 'ya'yan tsutsa. Su kan girma a hanjin kare, ƙwansu ya fita a kashinsa ya zuba a ciyawa. Daga nan ya koma cikin tumaki da shanu, har da mutane. Wata irin tsutsar ta kan shiga ƙwaƙwalwar tunkiya, ka ga tana ta juyi a wuri ɗaya. Irin wannan nama a ƙone shi ko a binne da zurfi.

In yana ci ba ya girma

Kusan kowane kwikwiyo yana da tsutsar ciki, don tun yana cikin uwarsa ya ke ɗauka. Alamarta ita ce ƙaton ciki, da rama, da gashi marar sheƙi. Kana ciyar da shi, tsutsa na cinyewa. Malamin dabbobi zai ba ka magani daidai nauyinsa. A kan ba shi a mako na 2, da na 4, da na 6, da na 8, sa'an nan kowane wata har ya cika wata 6. A kwashe kashinsa daga tsakar gida, yara su wanke hannu bayan sun taɓa shi. Kada ka ba shi maganin ciwon kai na mutane, yana iya kashe shi.

In ya ƙi abinci wuni guda, yana amai da zawo mai jini da wari, kada a jira gobe. Wata muguwar cuta ce mai suna fabo ke yin haka. Ta bazu a duniya a 1978, kuma 'yan kwikwiyo ta fi kashewa. Tana da allurar rigakafi da a ke farawa tun yana mako 6 zuwa 8.

Sa'ad da ya cika wata 3, a kai shi a yi masa allurar haukan kare. Ana yin wannan allura a Vom, kusa da Jos, inda ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta ke tun 1924. A sake yi masa kowace shekara, a kuma adana takardar da malamin dabbobi ya bayar. In kare ya ciji mutum, ko da ɗan kwikwiyo ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a tafi asibiti a ranar.