Bashin Banki Ko Riɗin Gida: Wa Zai Biya Wa Mai Digiri Kuɗin Likitanci A Gadarif?

Gadarif, a gabashin Sudan daf da iyakar Habasha, gari ne da kuɗi ke shigowa sau ɗaya a shekara. Ruwa ya sauka a Yuni ko Yuli, a yanke riɗi wajen Oktoba, dawa ta biyo baya a Disamba, kasuwar amfanin gona ta cika ta batse, sannan kowa ya koma lissafin abin da zai kai shi wata daminar. Haka abin yake tun shekarun 1940 da aka fara noman inji a Gadambaliya, kuma Hausawan da kakanninsu suka yada zango a nan kan hanyar Makka suna cikin wannan lissafi tsundum. Jami'a kuwa ba ruwanta da damina. Kowace shekara sai an biya ta, ko an yi albarka ko an yi fari.

Wanda nake magana a kansa shi ne matashin da ya riga ya gama digiri, a aikin gona ko awon jini ko aikin jinya, sannan zuciyarsa ta ƙi kwanciya sai ya zama likita. Ba shi da laifi. Jihar Gadarif tana cikin wuraren da cutar kala-azar ta fi addaba a duniya, musamman ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara, ga kuma ɗimbin mutanen da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya koro, waɗanda suka ƙaru bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekara. Jami'ar Gadarif, wadda aka kafa a 1994, tana da tsangayar likitanci a gida. Sai dai kujerar gwamnati mai sauƙin kuɗi a Sudan da makin shahadar sakandare ake samunta, kuma yaran da suka fito da ɗanyen maki ne ke kwashe ta. Mai digiri a hannu, a mafi yawan lokuta, abin da ya rage masa shi ne kujerar mai biya da aljihunsa, ko jami'a mai zaman kanta. Shekara biyar zuwa shida ke nan ba albashi, sai shekarar imtiyaz, wato ta koyon aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa. Hanya biyu ce a gabansa: ya je banki, ko ya koma gida ya durƙusa gaban manya.

Bankunan Sudan a kan tsarin Musulunci suke tafiya, don haka ba wanda zai ƙirgo maka tsabar kuɗi da ruwa a kai. Banki zai sayi kaya ya sayar maka da riba sananniya, wato murabaha, ko ya biya kuɗin wata hidima ya yanka maka abin da za ka riƙa biya kashi-kashi. Wannan yana da daɗinsa guda wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Adadin da aka rubuta da fam na Sudan ba ya ƙaruwa, shi kuwa fam kullum zubewa yake yi. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajarsa daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, hauhawar farashi a wannan shekara ta haura kashi 300 cikin ɗari, kuma bayan ɓarkewar yaƙi dala ta wuce fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Wanda ya ci bashin fam ya biya bayan shekara biyu, a zahiri ya biya ƙasa da abin da ya karɓa.

To amma banki ma ya san wannan lissafi, ya fi ka saninsa. Shi ya sa ba ya ba da dogon wa'adi. Yana so a fara biya nan kusa, alhali ɗalibin likitanci ba zai riƙe kuɗin guminsa ba sai bayan shekara bakwai ko fiye. Kuma jinginar da aka saba karɓa ita ce cekin da aka sa wa kwanan wata na gaba, daga kai ko daga wanda ya tsaya maka. A nan gizo ke saƙar. Sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya mai da cekin da ya dawo ba kuɗi laifi ne, kuma duk Sudan an san kalmar nan ta "yabƙa li hinis sadad", wato a tsare mutum har sai ya biya. Mutanen Gadarif ba labari aka ba su ba. Sun ga manoma masu gonaki da tarakta sun kwana a kurkuku saboda damina ta gaza. Ɗalibi ba shi da asusun da banki zai yarda da cekinsa, don haka hannun da zai sa a takardar na mahaifinsa ne ko na kawunsa. In abu ya ɓaci, shi yana ɗakin karatu, dattijon ne za a zo nema.

Ƙasashen da bashin karatun likita ya zauna da gindinsa, wa'adin ne suka gyara. A Amurka kowane likita da digiri na biyu yake fitowa, kuma bashin dala 200,000 ba abin mamaki ba ne, domin albashin da ke jiransa zai iya ɗauka. A Ingila akwai kwas na shekara huɗu don masu digiri, kuma ba a taɓa albashin mutum sai ya kai wani mizani. Nijeriya ta bi sahu a 2024 da asusun NELFUND: ba ruwa, biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Bashin da ɗan Gadarif zai samu a banki na ɗan kasuwa ne da manomi, an ɗinka shi a kan kayan da za a juya cikin watanni. Asusun kula da ɗalibai na ƙasa da Diwanin Zakka suna taimakawa da makwanci da ɗan abin sawa a baki, amma ba su ne za su ɗauki kuɗin kujerar likitanci ba.

Sai hanyar gida. A ware wani yanki na gonar riɗi a ce na karatun wane ne, a sayar da shanu biyu, wan da ke aiki a Jidda ya turo riyal, mata su ba shi kwasar adashi. Ba ceki, ba kotu, kuma in shekara ta yi tsanani ana iya cewa a yi haƙuri. Wani alherin kuma, riɗi kayan fitarwa ne waje, farashinsa yana bin dala, don haka in jami'a ta ƙara kuɗi, buhu ma ya ƙara daraja. Riyal ɗin Jidda haka yake. A ƙasar da kuɗinta ke narkewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai wanda bai zauna a babban gida ba shi zai ce kuɗin dangi kyauta ne. Digiri na farko gida ya biya, kowa ya yi shiru saboda hakki ne. Na biyu fa? An yi walima, an ɗauki hoto da rigar kammalawa, ana jiran albashin farko, sai mutum ya dawo ya ce a sake daga fari. Mahaifi zai iya cewa, "To, Allah ya sa albarka," ya tashi ya tafi masallaci. Wadda ba za ta yi magana a zauren ba ita ce ƙanwar da ta ci jarrabawa bana, aka ce ta dakata tukuna. In ta samu sarari a tsakar gida, abin da za ta ce bai wuce "Yaya, mu fa?" ba, kuma wannan tambaya ba ta da amsa mai daɗi. Bashin banki yana da ranar ƙarewa. Na dangi ba a rubuta adadinsa ba, saboda haka ba ranar da za a ce an gama. Likitan zai shekara ashirin yana biyan kuɗin makarantar 'ya'yan 'yan uwa, yana duba marasa lafiyar unguwa a ƙofar gida, kuma ranar da ya gaza sau ɗaya za a tuna masa da shanun da aka sayar. Ga kuma abin da ba a so a faɗa: albashin likitan gwamnati a Sudan ba ya iya ɗaukar wannan nauyi, shi ya sa da yawa ke ficewa Saudiyya ko Ayalan ko Ingila. Wanda ya shiga don kala-azar na ƙauyensu sai ka same shi a Riyad yana biyan gori.

Akwai wurin da hanyoyin biyu ke haɗewa, kuma nan ne ya fi haɗari. Gidan da ya kwashe kuɗin noma ya biya jami'a, in damina ta zo sai ya nemi salam a Bankin Noma, wato ya sayar da amfanin da bai shuka ba a farashin da aka yanka tun kafin girbi. Akwai sharaɗin rage cuta in farashin kasuwa ya yi nisa ƙwarai da na yarjejeniya, amma ba ya mai da duk asarar. Wanda banki bai kula shi ba kuwa sai ya faɗa hannun ɗan kasuwa da tsarin shel, shi ma sayar da amfani ne kafin girbi, wanda ya fi wannan tsanani nesa ba kusa ba. A takarda ba a ci bashin karatu ba, amma karatun ne ya jawo shi.

In aka tilasta mini zaɓi, gida zan zaɓa, da sharaɗi uku da ba na sassautawa. A zauna gaban shaidu a rubuta abin da kowa ya bayar, da buhu ko da riyal, ba da fam ba, a kuma rubuta ranar da za a ce an biya an gama. Kada a taɓa kuɗin iri da man tarakta. Kada kuma a cire ƙane ko ƙanwa daga makaranta don wanda ya riga ya samu nasa. Banki ya tsaya a cike giɓin wata uku ko huɗu tsakanin ranar rajista da ranar da riɗi zai shiga kasuwa. Wanda lissafinsa bai kai shekara shida ba sai an haɗa da cekin mahaifinsa, ya yi aiki da digirin da ke hannunsa shekara biyu ko uku, ya tara, sannan ya nemi kujerar.