Takardar Hanya Da Hatimin Sarki: Labarin Baƙi Biyu A Ƙasar Zamfara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin iyaka da fasfo a hannu, yana jiran ma'aikaci ya duba ya buga masa hatimi, ya kan zaci Turawa ne suka kawo mana wannan wahala. Ba haka ba ne. Tun ba a san fasfo ko biza a ƙasar nan ba, baƙon nesa ba ya ratsa ƙasar Hausa sai da izini, Turawan farko da suka zo kuwa sun ɗanɗana wannan doka sosai. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarin biyu daga cikinsu, musamman malaman makaranta da na ofis na Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi da Galadi, domin ta yankinsu aka bi.

Zuwan Abdullahi

Na farko shi ne Hugh Clapperton, hafsan jirgin ruwan yaƙi na Ingila, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdullahi. Ya taso daga Tarabulus cikin 1822, ya ƙetare hamada, ya iso Kukawa cikin 1823. Da ya yi niyyar zuwa Sakkwato, sai Shehun Barno Muhammadu Al-Kanemi ya rubuta masa takarda zuwa ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wannan takarda ita ce fasfonsa, ita ce bizarsa. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, ya mutu a hanya kusa da Katagum, shi kuwa ya shiga Kano cikin Janairu 1824.

Daga Kano ya yi yamma da dawaki da raƙuma, har ya iso yankin Zurmi. Ya rubuta cewa gulbi ya kusa kewaye garin, gaɓarsa tana da tsawo, ga ƙaya, ba a isa ƙofa sai ta wata 'yar siririyar hanya mai kwana-kwana. Gaba da nan kuwa takarda kaɗai ba ta isa ba, don sai an ratsa dajin Gundumi. Mutanen Galadi da Shinkafi da Isa ba su bukatar a gaya musu ko mene ne Gundumi. A zamanin nan daji ne marar ruwa, mayaƙan Gobir kuma suna tare ayari a cikinsa. Saboda haka Sarkin Musulmi ya aiko da mahaya kamar 150, da tambura da kakaki, suka tarye shi suka raka shi. Ya sauka Sakkwato a tsakiyar watan Maris, aka kai shi gidan Waziri Giɗaɗo.

An karɓe shi da girmamawa, amma da ya nemi izinin wucewa Yawuri da Nufe don ya ga inda kogin Kwara ya nufa, sai aka ce hanya ba lafiya, aka hana shi. Shi dai ya zargi fataken Larabawa da sa baki, don tsoron kada Ingilishi su ƙwace musu ciniki. Cikin watan Mayu ya juya, ya sake ratsa Gundumi, ya bi ta Zurmi da Katsina ya koma Kano. Watau an ba shi izinin shiga, ba a ba shi na wucewa ba, kamar yadda a ke yi wa matafiya har gobe.

Takarda ta zama laifi

Clapperton ya komo karo na biyu ta kudu. Ya sauka Badagiri a ƙarshen 1825, ya ƙetare Kwara a wajen Busa, ya bi ta Zariya da Kano, ya iso Sakkwato cikin Oktoba 1826. Yana ɗauke da kyauta da takarda zuwa ga Sarkin Musulmi, da waɗansu kuma zuwa ga Shehun Barno, har da makamai a cikin kayan. Ashe bayan tafiyarsa al'amari ya sake, yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Barno. Sarkin Musulmi Bello ya ce ba shi yiwuwa baƙo ya ratsa ƙasarsa ya kai wa abokin gaba makamai. Aka karɓe takardar Shehu da kayan da aka nufe shi da su, aka hana Clapperton tafiya. Ya yi fushi ƙwarai, sa'an nan ciwo ya kama shi, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da birni, daga baya aka ba shi izini ya koma gida da littattafan ubangidansa.

In mun duba da idon basira, ba mu ga sarkin da zai yi dabam da abin da Bello ya yi ba. Amma a lura da wannan: sunan Shehun Barno ne ya buɗe wa mutumin nan ƙofa cikin 1824, shi ne kuma ya rufe masa ita cikin 1826. Matafiyin bai sake hali ba. Abin da ke tsakanin sarakunan biyu ne ya sake.

Zuwan Abdulkarimu

Na biyu shi ne Dokta Heinrich Barth, Bajamushe mai aiki wa Gwamnatin Ingila, wanda a ke kira Abdulkarimu. Ya fi Clapperton haƙuri, ya kuwa ji Larabci da Hausa. Tun zuwansa na fari Katsina, a farkon 1851, Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi kwana da kwanaki, sai da ya ƙara gaisuwa kana aka sallame shi zuwa Kano. Wannan ya koya masa cewa baƙo ba ya gaggawa a ƙofar sarki.

Da ya komo Katsina cikin 1853 da nufin zuwa Tambutu, ya tarar Gobirawa sun fito yaƙi. Bai kama hanya shi kaɗai ba. Ya dakata har Galadiman Sakkwato, wanda ya zo karɓar haraji, ya gama aikinsa, suka tashi tare cikin watan Maris. Suka bi ta Zurmi, suka wuce Badarawa ta ƙasar Shinkafi, inda ya tarar kasuwa tana ci, suka sauka Sansanin Isa. Nan aka cika salkuna da ruwa, aka shiga Gundumi. Ya ce sun yi awa 26 suna tafiya ba zango, mutane da dabbobi duk sun galabaita, kafin su fita su iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu, yana shirin fita yaƙi.

Barth ya roƙi abu biyu: takardar amana ga fataken Ingila, da izinin wucewa Tambutu. Aka ba shi duka biyu, aka buga hatimi, aka kuma aiko masa da wuri 100,000 na cefane har Sarkin Musulmi ya dawo daga yaƙi. Duk da haka aiki bai ƙare ba. Ƙasashen yamma suna hannun Gwandu ne, sai da ya nemi wata takarda daga Sarkin Gwandu Halilu, wanda bai yarda sun ga juna ba ko sau ɗaya. Ya ƙetare Kwara a Sayi cikin Yuni. Da ya doshi ƙasar Masina, inda hatimin Sakkwato da na Gwandu ba su da iko, sai ya ɓad da kama ya ce shi Balarabe ne. Ya shiga Tambutu ran 7 ga Satumba 1853, ba don Shehu Ahmadu Al-Bakkayi ya tsaya masa ba kuwa da wuya ya fita da rai.

Abin da ya sake da wanda bai sake ba

Bayan wannan zamani Ingila da Faransa suka ja iyaka a arewacin ƙasar nan, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, ta raba Gobir da Katsina da 'yan'uwansu na Tsibiri da Maraɗi. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda cikin 1929, motoci suka gaji raƙuma, takardar sarki ta koma ɗan littafi mai hoto. Cikin 1979 ƙasashen ECOWAS suka yarda ɗan wata ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza.

To, amma abin da ya sami Clapperton bai daina samun mutane ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. Fatake da masu zumunci da marasa lafiya, kowa da takardarsa cikakkiya, suka tsaya cirko-cirko a Jibiya da Illela, ba da laifinsu ba. Haka kuma tsoron Gundumi ya dawo a shekarun nan, sa'ad da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin Zurmi da Shinkafi da Isa, har direbobi suka riƙa jiran rakiyar soja kamar yadda Barth ya jira Galadima.

Saboda haka muna jan hankalin duk ma'aikacin da takardar matafiyi ke bi ta hannunsa, ya tuna mai tsaye a gabansa ya riga ya sha hanya, kada ya ƙara masa da jinkiri ko neman goro. Ga shugabanni kuwa, labarin nan ya nuna takarda ba ta tafiya sai da abu biyu, jituwa tsakanin masu mulki da tsaron hanya. Sarkin Musulmi Bello ya san haka, shi ya sa bai tsaya ga ba da izini ba, sai da ya aika da mahaya suka ƙetare da baƙonsa. Mutanen Galadi da maƙwabtansu, masu bin hanyar nan kowace ranar kasuwa, sun fi baƙo cancantar irin wannan kulawa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.